Ɗanyar Hanta a Akushin Baba

Kowace Layya, da zarar an feɗe rago an fito da hanta, sai wani cikinku ya dube ni ya yi murmushi, wani kuma ya ce a ɓoye akushi kada Hajiya ta tuna halinta. Ina taya ku dariya, don yadda kuka ji labarin abin dariya ne. Amma ba haka ya faru ba. An gaya muku wai ƙuruciya ce ta sa na aika wa surukina ɗanyar hanta a gaban baƙinsa. Wasu sun ce raini ne irin na ƴan birni. Wasu ma sun ce yaudarar babanku na yi, na ɗora masa akushi a rufe bai san abin da ke ciki ba, kuma wannan ce ta fi ƙona mini rai. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, kuma ba na so in tafi in bar ku da guntun zance. Ido buɗe na yi abin da na yi, kuma da za a maido ni wannan ranar, shi zan sake yi.

Ni ƴar mahauci ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba, ko a lokacin da ake jefa mini shi da nufin zagi. Mahaifina yana fawa a kasuwar Gaya, can wajen bakin kogi inda jiragen ruwa ke sauke kaya daga ƙetare. Tun ina ƴar mitsitsiya aikina wankin kayan ciki: tumbi, hanji, huhu, hanta. Sa'o'ina suna wasan ƴar tsana, ni hannuna na cikin cikin akuya. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne, amma idan zai sayi dabba sai ya ja fatar idonta ya leƙa, ya shafa ƙarƙashin haɓarta, sannan ya tambayi mai ita inda ta sha ruwa da rani. In ya yanka ya ga abin gani, sai ya kira ni ya jera hanta biyu a kan faifai.

"Wagga ta tudu ta," in ji shi, "duba ki gani, santsi awa an shafa mata mai. Wagga ko bakin ruwan kwance ta yi rani. Sa yatsa nan ki matsa."

Sai in matsa farar jijiyar da ta yi kauri a cikin hantar, wasu abubuwa masu faɗi kamar ganyen marke su riƙa sulluɓowa suna motsi. Matsattsaku yake ce musu. Ban san yadda suke shiga ba, shi ma bai sani ba. Sai da na tsufa wani jikana da ya yi lekol, wato karatun boko, ya ce mini ƴan ƙananan dodon koɗi ne na bakin tafki ke goyon su, su bar su manne a jikin ciyawa. Abin da muka sani a lokacin shi ne, inda ruwa ya kwanta ba ya gudu, ciyawa ta yi kore shar a bakinsa, to nan tunkiya ke ɗauko ajalinta.

Babanku ya gan ni ne a wannan kasuwar, ranar da ya kawo gishirin Fogha a kan jaki. Gidansu gidan noma ne a wani ƙauye gefen Bana, kuma ba su yi murna da ƴar Rundawa, wato mahauta, ba, amma ya kafe har aka yi. Na tarar da babban gida, gandu ɗaya, rumbu ɗaya, garke ɗaya, duk a ƙarƙashin kakanku, wanda har yau ba na iya kama sunansa, Baba nake ce masa. Dogo ne, mai tsabta, mai gaskiya, kuma ba ya faɗin magana sau biyu. Ku ƴan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna hira ba za ku gane ba, amma a zamaninmu matar ɗa ba ta yi wa uban miji magana. In na hango shi tafe sai in kauce hanya, in ba wurin kaucewa in durƙusa in juya fuska ga danga har ya wuce. Shi ma ba ya kiran sunana, ba ya dubana. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma ina son ta. Sai Inna, uwar babanku, mace mai himma da kaifin baki. Sai Kaka Hajo, uwar Baba, wadda ta tsufa tukuf, idonta ya yi rauni amma kunnenta na jin faɗuwar allura. Ita kaɗai ce nake sakewa da ita, tana ce mini ƴar wuƙa, ina ce mata tsohuwar taba.

Shekarar da aka kawo ni ita ce shekarar da Nasara suka daina ɗibar maza zuwa aikin tilas. Hannu ya wadata a gida, sai Baba ya share wani yanki na fadama da ya daɗe yana sha'awa, ya shuka shinkafa. A tsakiyar wurin akwai tafki a inuwar giginyu, ba ya ƙafewa sai can ƙarshen bazara. Kafin nan tumakin gidan a tudu suke rani, suna cin harawa da karan dawa, ana ja musu ruwa a rijiya mai zurfi, aikin da ke cinye tafin hannu. Da aka yanke shinkafa sai Baba ya sa aka gangara da garken duka fadama. Ga ciyawa, ga ruwa, ba guga ba igiya. Kowa ya sa masa albarka, kuma shi kansa yana alfahari da wannan tafkin kamar shi ya haƙa shi.

Da bazara ta kama sai tumaki suka fara lalacewa. Ga su cikin ciyawa amma ƙashin bayansu na fitowa. Ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi luguf kamar an ɗura ruwa, cikin ido ya yi fari, tafiya kaɗan su tsaya suna haki, masu ciki su zubar. Aka ba su kanwa, aka ba su gishiri, aka yi turare a garke, aka karɓo rubutu aka zuba a ruwan shansu. Waɗanda za su mutu suka mutu. Ba wanda ya yi tunanin likitan dabbobi na kumandan, Baturen mulki, don likitan shanu yake bi da allura, kuma mutane ɓoye ƙananan dabbobi suke kada a ƙidaya su a ƙara haraji. Yawancin tumakin can fadama suke faɗuwa, a ja mushen a yar, waɗanda aka samu yankawa kuma a can maza ke feɗewa, kayan cikin ba sa zuwa hannuna. Shekara ta zagayo aka sake gangarawa, bazara ta zo aka sake asara, ta fi ta farko. Sai aka fara lissafin abin da ya shigo gidan sabo a shekarar da mutuwa ta fara. Abu biyu ne, tafki da ni. Ba wanda ya kalli tafki.

Farar ƙafa aka ce ina da ita. Ba a faɗa a gabana, amma in na ratsa ta garke sai Inna ta sa a share sawuna. Mata a bakin rijiya suka riƙa janye tulunansu in na iso. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kuka ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa yarda ko da minti ɗaya cewa gaskiya ne ba. A tsakanin nan na haifi babbar yayarku, na je Gaya wankan jego, na kwashe alamomin duka na gaya wa mahaifina. Bai bari na ƙarasa ba.

"Ina suka shan ruwa?"

Na faɗa masa.

"To mi kike tambaya ta? Kin san abin nan tun ba ki iya ɗaura zane ba. A hidda su daga tabkin. Wanda abin ya riga ya cinye sai haƙuri, amma na baya su tsira."

Faɗi da sauƙi a bakin mahauci. Na koma gida na gaya wa babanku, ya saurare ni har ƙarshe, kuma ya yarda, amma ya ce shi ɗa ne, ba zai tsaya gaban ubansa ya ce masa fadamar da ya share da hannunsa ita ke kashe dukiyarsa ba, balle ya ƙara da cewa matarsa ce ta faɗa. Na gwada Inna wata rana muna sussuka. Ko tsayar da taɓarya ba ta yi ba.

"Mu da munka gaji kiwo kaka da kakanni, ɗiyar masu yanka za ta koya muna rayawa? Ku sanin kashewa gare ku."

Na ci gaba da aikina. Da kaka ta gabato, gero ya shiga rumbu, shinkafa ta fara ja, sai Kaka Hajo ta kira ni ɗakinta wai in tsefe mata kai. Ina cikin tsifa ta yi maganar, ba wasa a muryarta.

"Ƴar wuƙa, na ji su jiya. In bisashe sunka sake mutuwa bana, gida za a maishe ki. Ɗiyar ko ta gidan ga ta, ana yaye ta a amshe."

Yayarku tana bayana a lokacin, tana wasa da bakin ɗankwalina. Na san za a gangara fadama da zarar an yanke shinkafa, na san za su mutu, kuma na san ranar da za su mutu ni za a kora in bar ɗiyata. Mutum ɗaya ne zai iya hana wannan, kuma shi ne mutumin da ba ni da bakin yi wa magana.

Layyar shekarar a cikin kaka ta faɗo. Baba ya ware wani farin rago daga garkensa tun farkon damina, aka ɗaure shi a turke ana ba shi dusa da harawa, amma ya ƙi yin ƙiba yadda ake so. Na sha kallon ragon nan in na zo wucewa, na san inda ya yi rani biyu. Al'adar ƙasarmu kun san ta, gangar jikin rago ana gicciye ta a itace a jera gefen wuta, ba a taɓa ta sai washegari, amma hanta a ranar ake gasa ta, kuma maigida ne ke fara sa ta a baki, shi da dattawan da suka biyo shi daga idi. Wankin kayan ciki kuwa tun zuwana gidan aka bar mini shi, wai ai gadona ne. Aka kawo mini ƙwaryar. Na ɗago hantar, tun kafin in sa wuƙa na ji ta a hannuna, ta yi tauri, gefenta ya yi tudu-tudu. Na tsaga. Ga fararen jijiyoyin nan, na matsa, suka fito da ransu suna miƙa a kan yatsana.

Abin da kowace mace mai hankali za ta yi a nan na san shi. Ta yanke wurin da ya ɓaci ta jefa wa kaji, ta gasa sauran da yaji da gishiri, a ci a sa albarka. Na daɗe durƙushe da wuƙa a hannu. Sannan na wanke akushin Baba, baƙin nan na itace da ba mai ci a cikinsa sai shi, na shimfiɗa hantar a buɗe yadda na tsaga ta, na rufe da faifai. Da babanku ya shigo ɗaukar abinci na tare shi a bayan rumbu.

"Kafin ka ɗauka, buɗe ka gani."

Ya ɗaga faifan. Ya daɗe yana kallo.

"Kin san abin da wanga zai jawo?"

"Na sani. In ba ka iyawa, aje shi, in gasa. Ba ni ganin laihinka."

Ya dubi yayarku a bayana, ya mayar da faifan ya rufe, ya ɗauki akushin da hannu biyu ya nufi zaure. Ku riƙe wannan da kyau. Ubanku ya san abin da ya ɗauka.

Ban ga abin da ya faru a zaure ba, na dai laɓe a jikin danga ina ji. Hira ake yi ana dariya, sai ta yanke ɗif. Wani tsoho ya yi salati. Can na ji muryar babanku, ƙasa-ƙasa, yana cewa hantar ragon ke nan, kuma haka cikin duk tunkiyar da ta sha tafkin yake. Baƙi suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Inna ta fito daga madafa ta same ni, ta faɗi maganganun da ba zan maimaita muku ba, don ta riga mu kuma na yafe mata. Kaka Hajo ce kaɗai na ji tana ƙyaƙyata dariya a ɗakinta har da tari.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Sai da aka gama rabon nama, sallah ta wuce, sannan ya tara ƴaƴansa maza a tsakar gida, inda ya san kowace mace za ta ji, ya yi magana da babanku.

"Tunda kai da iyalinka kun hi ni sanin bisa, ɗauki rabonka. Ga gonar tudu can, ga tumakinka, ka ja naka garke. Shinkahwa babu hannunka ciki. Ƙahwarta ba ta taka fadamata, bisashena ba su taka wurinta. In nata sunka mutu nawa sunka rayu, an san mi na na, ta tai gida. Mu ga bazara."

Haka aka cire ubanku daga gandu yana da ƙuruciyarsa, uba na raye, abin da a wancan zamanin kusan tsinuwa ne. Muka kafa bukka a gonar tudu, inda gidanmu yake har yau, yashi ne zalla a lokacin, ko inuwa babu. Amma ni a raina na ce Baba ya yi adalci, don ya raba ni da tafki ya ba kowa filinsa. Abin da nake nema ke nan.

Ranin nan na yi aikin da ban taɓa yi ba, ban kuma sake yin irinsa ba. Rijiyar tudu zurfi gare ta, kuma ba wanda zai taya mu daga babban gida. Babanku na ja ina juyewa a komi, in ya tafi neman ciyawa ni ke ja, da goyo a bayana, har tafin hannuna ya fashe ya warke ya zama kamar ƙirgi. Ban bar tunkiya ɗaya ta sa baki a ruwan da ba na rijiya ba. Muka tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rumfa, muka kwashe karan dawa, na bi gawo ina kaɗo ƴaƴansa. Da abinci ya yi ƙaranci babanku ya so ya yanko ɗanyar ciyawa a fadamar wani abokinsa, na ce sai dai wadda take nesa da bakin ruwa, kuma sai ta sha rana ta bushe ƙayau ta daɗe a kan rumfa kafin su gan ta. Mahaifina ya aiko mini da ɓawon maɗaci, ina jiƙa shi da ƴar kanwa ina ɗura musu lokaci-lokaci, suna fizge-fizge saboda ɗaci. Ban ce yana kashe na cikin hanta ba, amma yana wanke ƴan jajayen tsutsotsin nan masu kama da zare da nake gani a tumbi, kuma tunkiyar da aka rage wa kaya ɗaya tana iya ɗaukar ɗayan. Kullum da safe in share kashinsu in kai gona, in canja musu turke kada su kwana inda suka ɓata. Ƴan raguna da aka haifa kuwa na ware musu wuri mai tsabta, su nake kallo, don su ba su taɓa ganin tafki ba.

Mata suna wucewa suna mini dariya, wai ga fadama kore shar amma ƴar mahauta ta ɗaure tumaki a yashi tana ba su ɗaci. Tumakin Baba kuwa a farkon ranin sun fi nawa kyan gani, ba ƙarya, sun cika sun yi sheƙi. Ban damu ba, na san wannan ƙibar ta aro ce.

Ranar da na tsorata ita ce ranar da wata tsohuwar tunkiya cikin nawa ta tashi da kumburin haɓa. Ta riga ta yi rani biyu a tafkin kafin a ba mu ita, kuma na san ba duka za su tsallake ba. Na yi mata duk abin da na iya, ta ci gaba da zubewa, har babanku ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Kafin azahar Inna ta iso, ta tsaya a bakin danga ba ta shigo ba.

"To, an hwara ke nan."

"Inna, wagga da kayanta ta zo. Ki dubi ƴan da anka haihwa nan."

Ba ta duba ba, ta juya. Kwanakin da suka biyo baya ina shayar da yayarku ina kallon fuskarta kamar mai ban kwana, ina jiran a aiko in tattara kayana. Ba a aiko ba. Baba ya ce bazara, kuma shi ba ya sauya magana ko don kansa.

Bazara ta zo da zafinta. Nawa sun rame, ramar yunwa, amma idonsu ja ne, suna tsaye da ƙafafunsu, ƴan raguna na tsalle a kan turmi. Na ƙara rasa wata tsohuwa, shi ke nan. A fadama kuwa abin ya fi na kowace shekara muni, don ruwan ya ja baya ƙwarai, tumaki suka dunguma cikin laka suna cin ciyawar baki-baki. Daga tudu ina hango ungulaye na kewaya giginyu. Ban yi murna ba, Allah shi ne shaida. Dukiyar gidan mijina ce ke zubewa, da sadakin ƙannensa a ciki, da abin da tsoho ya tara duk rayuwarsa. Kuma kada ku ɗauka gaskiyata ta gyara kome. Ba a maida babanku gandu ba, bai gaji ko taki ɗaya a fadamar nan ba, ƴan'uwansa suka riƙe shi a ciki shekara da shekaru, kuma Inna har ta bar duniya ba ta sha furar da na dama ba. Wannan shi ne kuɗin hantar, kuma ubanku ne ya biya mafi yawansa bai taɓa yi mini gori ba.

Wata safiya gab da saukar ruwan fari, babanku ya tafi sharar gona, ina bakin komi ina juye guga da yayarku a baya, sai na ji kukan tumaki ta hanyar fadama. Na ɗaga kai. Baba ne, shi kaɗai, ba ɗa ba bara, da sanda a hannu yana koro abin da ya rage na garkensa. Ƴan kaɗan ne, suna tafe suna tangaɗi. Babu wurin kaucewa, sai na saki igiya na durƙusa na juya fuska. Na ji takunsa ya zo ya tsaya a bayana, kusa, har ina jin numfashinsa na hawan tudu. Yayarku ta fara ɓangale masa baki tana miƙa hannu. Sai ya yi magana, ba da ni ba, da ita.

"Ke amaryata. Kin ƙi zuwa gaishe ni, ni na zo."

Ya gyara murya.

"Ki hwaɗa ma uwarki, ga sauran nan. Ta yi musu abin da ta sani."

Na kai hannu baya na riƙe ƙafar yarinyar, na ce da ita:

"Ki ce ma Baba, wasu ba su tashi. Amma abin da za su haihwa zai rayu, in Allah ya so."

"Ta ji," in ji shi. "Na ji."

Na zaci zai juya ya tafi, sai na ji bai motsa ba. Tumakin sun tsaya cirko-cirko a bakin garke, sun ga baƙon wuri sun ƙi shiga. Mata biyu da suka zo ɗibar ruwa sun tsaya da tuluna a ka suna kallo, kuma na tabbata ya gan su, don sai da ya ɗaga murya yadda za su ji.

"Amarya, ki ce mata ta tashi ta shige gaba. Su bi sawunta."

Na tashi. Idona ya cika har ba na ganin ƙofar garken sosai, amma ƙafata ta san hanya. Na wuce ta gabansa, karo na farko tun da aka kawo ni gidan, na shiga, suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye a baya da sandarsa yana tare masu kaucewa.